Hed ɗin tarakta ya lanƙwashe: a aske shi, a sayo na gwanjo, ko a nemo sabo?

Bara, ana saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka, direbana ya bar tsohuwar Massey Ferguson 135 da nake bai wa manoman dankali haya a wajen Mangu ta yi zafi har lagireto ya tafasa. Maimakon ya jira ta huce, sai ya sheƙa mata ruwan sanyi. Washegari baƙin mai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Muka jawo ta zuwa Farin Gada a Jos, aka kwance kusoshi, aka ɗaga hed, wato kan injin, sai ga gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin hed da jikin injin, ta ƙone tsakanin silinda biyu. Bakanike bai ko juya hed ɗin ba ya ce, "Alhaji, wannan sai an kai shi aski," wato a kankare fuskarsa da inji ta daidaita. Na ce, "Malam, ka auna shi?" Ya yi shiru.

Awon nan shi ke raba gardama, kuma ba ya cin kuɗi. A wanke fuskar hed tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsawonsa, a faɗinsa, da kusurwa zuwa kusurwa, sannan a riƙa zura siraran ƙarafan nan da ake saita bawul da su a ƙarƙashi, a ga girman giɓin da lanƙwasa ta bari. Kowane inji da iyakar da littafinsa ya yanka, amma a ƙananan injinan dizal galibi tana tsakanin milimita 0.05 da 0.15, kusan kaurin gashin kai ɗaya ko biyu. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ba ya jin sa. In awo bai wuce iyaka ba, zaɓi mafi araha shi ne mafi kyau: a tsabtace, a sa sabuwar gasket mai kyau, a ɗaure. Duk askin da aka yi wa hed, an rage masa kwana ne.

In ya wuce, kada a garzaya wajen aski sai an duba tsaga. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi shi ke kawo ta, kuma ta fi son ɓuya tsakanin mazaunin bawul biyu ko a bakin ramin nozul, wato mai fesa dizal. Masu kayan aiki suna toshe hanyoyin ruwa, su hura iska, su nutsa hed ɗin cikin ruwan zafi su ga ko kumfa zai fito. Inda babu wannan, ana jiƙa wurin da kananzir, a goge, a shafa alli. In akwai tsaga, za a ga layin damshi ya bayyana. Hed mai tsaga ko an aske shi ya yi sheƙi kamar madubi, ruwa zai koma cikin mai.

Aski a kan inji, wanda masu sana'ar ke kira sikimin, shi na fi yarda da shi muddin ƙarfen yana da sauran nama. Sai dai dizal ba fetur ba ne. Fistin yana hawa har ya rage ƙasa da milimita ɗaya ya taɓa hed, kuma a irin injin Perkins na taraktata fuskar hed a shafe take, ramin ƙonewar yana kan fistin. Kan bawul a nutse yake kaɗan cikin hed. Duk abin da aka aske, bawul ya matso kusa da fistin ke nan, bakin nozul kuma ya ƙara leƙowa. Shi ya sa Perkins suka ƙayyade milimita 0.30 a injin 4.236 da ke cikin taraktocin Massey da yawa, kuma wannan jimillar askin rayuwar hed ɗin ce gaba ɗaya. Saboda haka kafin ka bar kayanka a shago, tambayi mai injin nawa zai cire, ko ya auna kaurin hed ya ga an taɓa aske shi, kuma ko zai sake gyara mazaunin bawul ya mayar da su zurfinsu. Wanda ya ce maka "sai mun ga ya yi fes" bai ba ka amsa ba. Ɗauki kayanka ka yi gaba.

Akwai masu shimfiɗa samfefa a kan gilashi mai kauri su riƙa goga hed da hannu. Ga ɗan hed mai silinda ɗaya, irin na injin niƙa ko ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, yana iya fitar da mutum kunya in lanƙwasar kaɗan ce. Ga mai silinda uku, hannu yakan ci gefe ya bar tsakiya. Injin goge ƙarfe na masu walda kuwa, kada ya kusanci hed ɗinka. Haka ma haɗa gasket biyu don a cike giɓi.

Idan nama ya ƙare ko an ga tsaga, sai saye. Na gwanjo, wanda ake ce wa Beljiyam, ana nema a Dilimi ta Jos, in ba a dace ba a aika Zuba ko Panteka ta Kaduna. Ƙarfen asali ne, wannan alherinsa ke nan, amma ba ka san wahalar da ya sha a wata ƙasa ba. Ka tafi da tsohon naka a jera su, a gwada lambar da ke jikinsu, a auna kauri, kuma ku yi magana a gaban shaida cewa in gwaji ya nuna tsaga za a karɓa. Sabo kuwa, na kamfanin asali yana da tsada ƙwarai, yawancin na kasuwa daga Indiya, Turkiyya ko Sin suke, kuma kyansu ya bambanta. Tambayi ko da bawul da sifirin yake ko tsirara, domin nan farashi ke yaudara. Shi ma a ɗora masa ƙarfen awo kafin a biya.

Nawa hed ɗin ya lanƙwashe, amma ba shi da tsaga, ba a taɓa aske shi ba, don haka aka cire kaɗan aka gyara mazaunin bawul. Na tsaya a kai aka auna fuskar bulok, wato jikin injin, ita ma, aka ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa waje da sifanar da ke nuna ƙarfin ɗauri, aka sake saita bawul. Sannan muka koma kan abin da ya jawo zafin tun farko: lagireto ya toshe da laka, fambel ya saki. Da hunturu ya zo, irin safiyar Jos da inji mai raunin matsi ke ƙin tashi sai an tura, na je na murza makulli da kaina. Bugu ɗaya ta kama.