lnav ko klogg: wanne ya fi wajen bin diddigin log?

Idan kwamfuta ta ɗauke da tsakar dare babu gaira babu dalili, fayil ɗin log, wato inda kwamfuta ke rubuta abin da ke gudana a cikinta layi-layi, shi ne kaɗai shaidar abin da ya faru. Sai dai layuka dubu ɗari ba sa karantuwa da ido, dole a nemi manhaja. Biyu na fi sabawa da su, kuma duk kyauta ne.

klogg, wadda ta samo asali daga wata tsohuwar manhaja irinta mai suna glogg, tana da taga da maɓallai, tana aiki a Windows, Linux da macOS. Ƙarfinta girman fayil: ko ya kai gigabait da yawa tana buɗe shi ba tare da ta cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. Ka rubuta kalmar da kake nema, layukan da suka dace su jeru a ƙasa, ka danna ɗaya ya kai ka wurinsa a sama. Amma ita rubutu kawai take gani.

lnav kuwa a baƙar tagar umarni take zaune, abin da ke korar sabon shiga ke nan. Kada ka gudu. Ka nuna mata /var/log, wato inda Linux ke tara fayilolin log, za ta gane tsarin fayilolin, ta warware waɗanda aka matse da gzip, ta haɗe su bisa lokaci. Nan ne take burge ni ƙwarai: kana ganin kukan da faifan ajiyar kwamfuta ya yi da ƙarfe 2:14, a ƙarƙashinsa kuma ga manhajar da ta faɗi daƙiƙa uku bayan haka. Danna harafin e, ta tsallaka da kai zuwa kuskure na gaba. Har tambayar SQL, wato harshen bincike a rumbun bayanai, tana amsawa.

A Linux ni lnav nake buɗewa; klogg sai an turo mini ƙaton fayil guda daga Windows.