Na gwada Borg na gwada restic, ga wanda na zauna a kansa wajen ajiye kod

'Yan uwa masu rubuta kod, akwai wata magana da muke yawan yi wa junanmu wai tunda ka yi git push aikinka ya hau GitHub to shikenan ka gama da zancen bakof, wato ajiye kwafin kayanka a wani wuri don gudun asara. Ni dai ban gamsu da ita ba, shi ya sa na zauna na gwada manhajojin bakof na kyauta masu buɗaɗɗen kod, irin su Borg da restic, kuma yanzu na daɗe ina amfani da su a kan ayyukana da na kwastomomi har ina ganin zan iya cewa wani abu a kansu.

Duba folda ɗin aikinka da kyau, duk abin da ka saka a .gitignore, wato jerin abubuwan da ka ce git ya ƙyale, ai bai taɓa barin laftop ɗinka ba, fayil ɗin .env mai makullai, rumbun bayanai, hotuna da takardun da masu amfani da manhajarka suka ɗora, duk babu su a can. Kuma su ne abin da kwastoma zai kira ka da tsakar dare a kansu, ba kod ba, kod ko ya ɓata ana iya sake rubuta shi da wahala amma bayanan cinikin mai shago na shekara guda ina za ka samo su? Sannan shi kansa wurin da ka jingina da shi ba gidan ubanka ba ne. A 2019 GitHub ta taƙaita wa mutanen Iran da Siriya da Kirimiya asusunsu saboda takunkumin Amurka, a 2020 aka sauke youtube-dl, manhajar sauke bidiyo, daga GitHub na ɗan lokaci saboda ƙorafin haƙƙin mallaka kafin a dawo da shi. GitLab kuwa, wani wurin ajiye kod irin GitHub, a ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyansu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, da suka juya kan hanyoyin bakof ɗinsu sai aka tarar kusan duk ba sa aiki yadda ake zato, bayanan kusan awa 6 suka tafi. Su da kansu suka wallafa labarin, kuma na girmama su a kan hakan.

Bangaren kod ɗin shi ne mai sauƙi. git clone --mirror zai kwaso maka rifo, wato ma'ajiyar kod ɗinka ta git, gaba ɗaya da rassansa da tarihinsa, daga baya git remote update kawai za ka riƙa yi. Idan kana son fayil ɗaya da za ka jefa a filas, git bundle create da --all ya gama maka. Sai dai ka sani issues da pull requests ba sa cikin git, wiki ma rifo ne daban, manyan fayilolin LFS da git ke ajiyewa a gefe kuma sai ka ce git lfs fetch --all. Ni abin da na yi, tsohuwar laftop da allonta ya fashe na ɗora wa Forgejo, manhajar da ke ba ka kamar GitHub naka na kanka, wanda ya ɓalle daga Gitea a 2022, na saita shi yana janyo rifo ɗina da kansa lokaci-lokaci. Ba ya cin ƙarfin kwamfuta, batirin laftop ɗin kuma yana riƙe shi idan an ɗauke wuta. Ba ni da wani ƙorafi a kansa, yana aikinsa ban ma cika tunawa da shi ba.

Inda aikin yake shi ne sauran kayan. Borg na fara gwadawa, shi ya samo asali ne daga Attic a 2015, da Python aka rubuta shi, kuma gaskiya wajen matse bayanai gwani ne, yana da lz4 da zstd da lzma ka zaɓi wanda ya yi maka. Idan ka haɗa shi da borgmatic sai ka rubuta saitinka a fayil ɗin YAML guda ɗaya har da kwashe PostgreSQL ko MySQL, ga Vorta mai danna-danna ga wanda ba ya son baƙin allon rubuta umarni, wato tamina. Abin da ya raba ni da shi biyu ne, don ya yi aiki da kyau ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, sai an saka Borg a sabar ta can ma, wato ba za ka nuna masa ma'ajiyar intanet irin ta S3 ta Amazon kai tsaye ba, sannan ba shi da gida a Windows, ni kuwa cikin waɗanda muke aiki tare akwai masu Windows kuma ba zan tsaya lallashin kowa ya koma Linux ba. Wanda yake da sabar tasa kuma Linux zalla yake yi, Borg zai yi masa sosai.

restic kuwa fayil ɗaya ne tak, da Go aka rubuta shi, Alexander Neumann ya fara shi a 2014, ka sauke shi ka ajiye shikenan babu wani ja da dogayen abubuwan da sai an saka kafin ya tashi. restic init ya buɗe ma'ajiya, restic backup ya ɗauki hoton folda yadda take a wannan lokacin, restic snapshots ya jero maka su. Abin da ya sa na zauna a kansa wallahi data ce. Shi yana yayyanka fayil ne gunduwa-gunduwa bisa abin da ke cikinsa, gunduwar da ya taɓa gani ba zai sake tura ta ba, ko ka canza wa folda suna ko ka kwafe ta zuwa wani wuri bai damu ba ya san kayansa. Karon farko ne kawai zai sha maka data, wannan ka bari sai dare ko ka samu wayfai, bayan nan sai ka ga folda mai nauyi ta gama cikin ɗan lokaci don abin da ya canza kaɗan ne. Akwai --limit-upload idan ba ka so ya janye layin gaba ɗaya kana tsakiyar mitin. Idan netwok ya yanke ko wuta ta tafi yana cikin turawa, yawancin abin da ya riga ya hau ba ya zama asara, ka sake kunnawa ya wuce su. Da can ana yi masa gori cewa ba ya matse bayanai, amma tun fitowar 0.14 a 2022 ya samu zstd, don haka tsofaffin bayanan da za ka gani ana kushe shi a kan wannan sun wuce zamani.

Komai kuma a kulle yake barin kwamfutarka, AES-256, mai sabar ba ya ganin ko sunan fayil. Wannan ne ya ba ni natsuwar ɗora .env da bayanan kwastoma a wurin da ba nawa ba. Amma fa a nan haɗarin yake, kalmar sirri ta ɓata to komai ya tafi, babu wanda za ka rubuta wa ya sake maka wata, kamar ka kulle shago ne ka jefa makullin a rijiya. Tawa tana cikin KeePassXC, manhajar ajiye kalmomin sirri, sannan na rubuta ta a takarda na ajiye inda nake ajiye takardun makaranta. Kar ka ajiye ta a cikin folda ɗin da kake yi wa bakof kawai, ka yi tunani za ka gane dalili.

Rumbun bayanai kar ka kwafi fayilolinsa yana kan aiki, zai iya ba ka abin da ba zai buɗu ba. Ka fitar da bayanan cikin fayil da pg_dump ko mysqldump tukuna, sai ka miƙa wa restic, yana ma karɓa kai tsaye da --stdin. Wata dabara da na lura tana rage data, kar ka yi wa fayil ɗin gzip kafin ka ba shi, bar shi a buɗe ya gano inda aka canza da kansa. Ka kuma cire node_modules da venv, babu amfanin biyan data a kan abin da npm install zai dawo da shi.

Abubuwan da ba su yi min daɗi ba a restic, ba shi da agogon kansa, kai za ka haɗa masa cron ko systemd timer masu kunna aiki a lokacin da ka tsara, ni na fi son na biyun da Persistent=true saboda idan lokacin ya wuce kwamfuta tana kashe zai yi da zarar ta tashi. Idan aka katse shi da ƙarfi wani lokaci yakan bar makulli a ma'ajiyar sai ka yi restic unlock kafin prune, mai share gunduwowin da ba a buƙata, ya yarda ya yi aiki, sabon shiga zai iya tsorata ya ɗauka komai ya lalace. forget mai cire tsofaffin hotunan folda, shi kaɗai kuma ba ya rage nauyi sai ka haɗa da --prune. Kuma ba manhajar danna-danna ba ce, wanda bai saba da tamina ba ya duba Kopia ko Duplicati.

Syncthing da wasu ke kira bakof, ina amfani da shi ina kuma son sa, amma daidaita folda yake yi, ka goge a nan ya goge a can sai dai in ka kunna masa ajiye tsofaffin kwafi.

Wajen ajiyewa, ina da faifan waje guda a gida, sai kwafi na biyu a intanet. restic yana magana da S3 da Backblaze B2 da SFTP, amma waɗannan galibi sai da katin da zai biya dala, wanda kowa ya san yadda wannan yake a wajenmu. Ta rclone, manhajar da ke haɗa ka da ma'ajiyoyin intanet, za ka iya nuna masa Google Drive, 15GB ɗin kyauta ya ishi ƙaramin aiki in dai Gmail da hotunanka ba su riga sun cinye shi ba. Duk ƙarshen wata ina yin restic check da --read-data-subset don kar ya sauke komai ya ƙarar min da data, sannan in yi restore na aiki ɗaya zuwa sabuwar folda, in loda rumbun bayanan in kunna manhajar in ga ta tashi da bayanan jiya. Idan fayil ɗaya kawai nake nema restic mount nake yi in shiga kamar folda in ɗauko abina, sai dai masu Windows wannan ba ya yi musu, su restore da --include za su yi.