Jinyar Mama bayan aikin ƙugu: benen Gwarinpa ko gida Jos?

Salam 'yan uwa. 'Yar uwar da ta yi tambaya jiya da daddare cewa za a yi wa mahaifiyarku aikin canjin gaɓar ƙugu nan Abuja wata mai zuwa kuma kanku ya rabu, yayanku yana so ta yi jinya a gidansa na Gwarinpa wanda yake saman bene, su gwaggo kuma sun dage a mayar da ita Jos inda take da jama'a, na ga kowa Allah Ya ba da lafiya kawai yake rubutawa, amin, amma tambayarki tana nan ba a amsa ba. Ni na yi jinyar surukata kan wannan aikin, to bari in faɗi abin da na gani.

Benen nan da kowa yake tsoro, wallahi shi ne ƙaramin abu. Kafin a sallame ta masu gashin ƙashi za su koya mata hawa da sanda, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, in za a sauko kuma wadda aka yi wa aikin ke fara sauka, hannu ɗaya a jikin ƙarfen bene mutum ɗaya a kusa da ita. Kuma ai ba kullum za ta dinga sauka ba, sai ranar asibiti. Abin da ya kamata ku tsaya a kai banɗaki ne. Kin ga aikin nan, kan ƙashin cinya ake yankewa a sa na ƙarfe mai kai kaman ƙwallo, a sa masa mazauni sabo a ƙugu, to kafin naman wurin ya kame ƙwallon nan yana iya gocewa in aka lanƙwasa ƙugun da yawa. Shi ya sa yawanci ake cewa wajen sati 6 na farko kar ta zauna inda gwiwarta za ta fi ƙugunta tsawo, kar ta harɗe ƙafa, kar ta sunkuya ɗaukar abu a ƙasa, in za ta kwanta a sa filo tsakanin ƙafafu. Dokar tana ɗan bambanta da ta inda likita ya shiga, ta gaba ko ta baya, ku tambaye shi da bakinku ku rubuta.

Yanzu ki auna gidajen biyu da wannan. Gwarinpa akwai masai na zama, gado mai tsawo, kujerun cin abinci. Gidajenmu na Jos kuwa, in irin namu ne na cikin gari, masai na tsugunno ne a can ƙarshen tsakar gida, katifa a ƙasa, hira a kan tabarma, alwala a tsugune bakin rariya da buta. Duk cikinsu babu wanda za ta iya. Ana gyarawa fa, ba wai ba a yi ba, akwai kujerar nan mai rami da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti a ɗora kan masai ko a ajiye a ɗaki, a sayo gado, a samo kujera mai hannu ta salla tunda a zaune za ta yi da nuni. Amma tsohuwa in ta koma ɗakinta na shekara arba'in jikinta ne zai tuna mata, ba ta san sanda za ta kai ƙasa ba. Tamu carbi ne ya faɗi a sati na biyu ta sunkuya ta ɗauka, ihun da ta yi har yau yana kunnena, Allah Ya rufa asiri bai goce ba.

Sai hanya. Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga awa 4 zuwa 5 ne in an samu sa'a, ga Hawan Kibo ga gargada, mutumin da aka yanka kwana biyar da suka wuce a naɗe shi a bayan mota? Bayan aikin nan babban abin da likitoci ke gudu jini ya daskare a jijiyar ƙafa, shi ya sa ake ba da allura ko ƙwaya ta tsinka jini har wajen kwana 28 zuwa 35, kuma dogon zama wuri ɗaya yana ƙara haɗarin. Sannan cire zare ko 'yan ƙarafan ɗinki kwana 10 zuwa 14 ne, kin ga an tafi an dawo kenan. Na sani akwai JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, akwai likitocin ƙashi da masu gashi, ba daji za a kai ta ba, sai dai in wurin ya fara ruwa ko zazzaɓi ya taso ko sharaɓar ƙafa ta kumbura, wanda ya yi aikin da hannunsa shi ya fi sanin abin da ya sa a ciki. In kuma numfashi ya fara yi mata wuya ko ƙirji na ciwo, wannan ba a jiran kowa, asibiti mafi kusa.

Inda Jos ta ci Abuja shi ne mutane, kuma kar ki raina wannan. Gidan yayanki ƙarfe shida da rabi kowa ya fita gudun cunkoso, yara makaranta, a bar tsohuwa da 'yar aiki da talabijin har magariba. Kaɗaici yana kwantar da tsoho fiye da ciwo, sai ki ga ta daina cin abinci ta daina atisayen. Amma jama'ar ma da nata. 'Yan dubiya daga safe har dare, kowa da maganinsa, mu har wata ta zo da man wani mai ɗori wai a murza, wata ta ce a gasa da ruwan zafi kamar mai jego, a kan ɗinki fa! Kuma tausayinmu shi ne sannu Hajiya kwanta bari a kawo miki, alhali aikin nan tafiya yake so, ranar da aka yi ko washegari ake tayar da mutum da abin dogarawar nan mai ƙafa huɗu. Wanda aka hana motsi shi ke daɗewa. Ga sanyi in aikin ya faɗo Disamba ko Janairu, kin san Jos, fitowa banɗaki da asuba a sanyin nan da sanda ba wasa ba ne.

Da ni ce, sati 6 na farko Gwarinpa, amma da sharaɗi: a ɗauko mutum ɗaya daga Jos wadda Mama ba ta jin kunyarta, wadda za ta iya yi mata wanka ta sa mata safa ta wanke mata ƙafa wajen alwala, kuma mai iya ce mata a'a. Ba suruka ba, don Allah, ni na san abin da na sha, akwai abin da Hajiya ta gwammace ta riƙe da ta kira ni. Ita wannan ta zo tun kafin aikin a koya mata komai a asibiti tare da Mama. In likita ya duba ya ce to, sai a tafi Jos ana tsayawa a hanya tana ɗan takawa, a iske an gyara banɗaki.

Kafin ranar kuma ku dage sugarta da hawan jini su daidaita, in akwai haƙori mai ciwo a gyara tun yanzu don ƙwayar cuta na iya bin jini ta kai ga ƙarfen, duk abin da take sha ku kwashe a leda ku kai wa likita har da na gargajiya da na islamik da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis, wasu ana tsayar da su kwanaki kafin aiki. Ku shirya samari biyu ko uku da za su ba da jini in an nema. A naɗe duk wani ƙaramin kafet da wayar caji da ke bin ƙasa, a ajiye fitila mai caji gefen gado saboda 'yan wuta, a tanadi gwanda da kankana da ganye don maganin ciwon yana ɗaure ciki sosai. Ki gaya min wane hawa yayanku yake da ko benen yana da ƙarfen riƙewa, kujerar masan tamu ma tana nan a sito in kuna so.