Ƙirƙirarriyar Basira a Wurin Gini: Wacce Manhaja Ta Cancanci Kuɗinka?

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi mai tallar abu ɗaya: me manhajarsa za ta nuna maka bayan an zuba kankare, an shafe bango da filasta?

Wannan tambayar ce ta sa na tsaya a kan OpenSpace, wani kamfanin Amurka da aka kafa a 2017. Ana ɗaura kyamara mai ɗaukar kowace kusurwa, irin Insta360 ko Ricoh Theta, a kan hular kwano. Mutum ya zagaya gini yadda ya saba, ita kuma manhajar ta gane inda ya bi, ta jera hotunan a kan fulan, wato zanen ginin. Bayan wata shida sai ka taɓa ɗaki a waya, ka zaɓi rana, ka ga bangon tun ba a rufe shi ba: inda fayif ɗin ruwa ya bi, inda wayar lantarki ta ratsa, yadda aka ɗaure rodi kafin a zuba dekin. Wani ɗan kwangila ya taɓa rantse mini cewa rodi mai milimita 16 ya sa a ginshiƙi, da aka fasa sai ga mai 12. Da akwai hoton ranar, da ba a kai ga guduma ba. Sai dai manhajar OpenSpace tana cin intanet sosai wajen ɗora hotuna, kuma da dala ake biya.

Buildots ma kyamarar hula ce, amma tana gwada aikin ne da cikakken samfurin BIM, wato siffar ginin gaba ɗaya da aka zana a kwamfuta, don haka mai zanen takarda ya haƙura. ALICE da nPlan na tsara jadawali ne da hasashen jinkiri, sun fi dacewa da masu shimfiɗa layin dogo. Procore kuwa, manhajar gudanar da aikin gini, kuɗinta na hawa ne gwargwadon girman ayyukan da kake yi a shekara.

Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne wajen 'yan damfara. Akwai masu ɗaukar ChatGPT su canza masa riga, su ce zai lissafa maka siminti da rodi daga hoton fulan. Zai kawo lambobi tsaf-tsaf, ko da ƙarya ne ba ya ƙifta ido. Lissafin ƙarfin gini sai injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya sa hannu, domin shi za a kama idan bene ya rufta. Akwai kuma masu sayar da lasisin sata a WhatsApp da rabin farashi. Ranar da aka toshe shi, hotunan aikinka sun tafi. Duk wanda ya ce shi wakili ne, ka rubuta wa kamfanin ta shafinsa ka tabbatar. Ka kuma sa a yi gwajin a gininka, cikin ƙura da rana, ba a bidiyon da ya zo da shi ba, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa za ka iya sauke hotunanka duka ranar da ka daina biya.