Active Cash ko Autograph: wanne zai fi maka gyara a hidimar yau da kullum?

Salamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka a zauren nan tun daren jiya. Ka ce bankin Wells Fargo ya aiko maka da tayin sabon katin bashinsa na Autograph, abokin aikinka kuma ya ce Active Cash ya fi, kana son sanin wanda zai fi maka amfani wajen cefane, man mota da sauran hidimar gida a nan Amurka. Dukansu biyu suna aljihuna, don haka zan faɗa maka abin da nake gani a takardar lissafina ta wata-wata.

Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Active Cash ne wan, ya fito a 2021, Autograph ya biyo bayansa a 2022. Dukansu Visa ne, kuma babu wanda ake biya wa kuɗin shekara. Inda suka rabu shi ne wajen gyara, wato ɗan abin da banki ke mayar maka in ka yi sayayya, kamar yadda mai kayan miya ke ƙara maka tattasai biyu bayan an gama ciniki.

Active Cash ba ruwansa da abin da ka saya. Kashi 2 cikin ɗari yake mayar maka a kan komai, shinkafa ce, taya ce, ko takalmin makarantar yara. Shi kuwa Autograph zaɓe yake yi. Yana ba da maki 3 a kan kowace dala a gidan abinci, gidan mai, tafiye-tafiye, sufuri irin su jirgin ƙasa da kuɗin fakin da kuɗin gada, kuɗin layin waya na wata, da wasu tashoshin kallo na intanet. Duk abin da ya fita daga nan, maki 1 ne kacal. In za ka mayar da makin kuɗi, maki 100 dala ɗaya ce, ka ga kenan kashi 3 a wasu wurare, kashi 1 a sauran.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba sai sun riga sun karɓi katin: cefane ba ya cikin masu maki 3. Mu kuwa gidajenmu, cefane ne ke cin mafi yawan kuɗi.

Ga misali da lissafin magidanci mai iyali. A ce a wata yana kashe dala 600 a cefane, 200 a mai, 100 a waya, 100 a gidan abinci, 300 a sauran tarkace. Jimilla 1,300. Active Cash zai mayar masa da dala 26. Autograph zai ba shi 12 a kan ɗari huɗun da suka shiga masu maki 3, da 9 a kan sauran ɗari tara, wato 21. Wan ya yi gaba da dala biyar. Yanzu ɗauki mai tuƙi irinka, wanda ke wuni a kan titi: mai 700, abincin waje 250, waya 100, sauran 400. A nan Active Cash 29 zai ba shi, Autograph kuwa 35 da rabi, ba a ma sa kuɗin gada da na fakin ba. Ma'aunin ke nan: in fiye da rabin abin da kake kashewa da kati yana tafiya a mai, abinci, waya da tafiya, Autograph ya fi maka. In bai kai rabi ba, Active Cash. Ka ɗauko takardun bankinka na wata uku ka zauna da biro, minti goma sun ishe ka gane ɓangaren da kake.

Akwai kuma wani abu da sai a aikace ake gane shi. Katin ba ya ganin abin da ka saya, rajistar shagon yake gani. Akwai wani shagon kayan Afirka da nake zuwa a Bronx, gaba ana sayar da manja da garin kwaki da busasshen kifi, can ciki wata baiwar Allah tana zuba wake da shinkafa a roba. Na sha sayen abincin rana a wurin ina zaton maki 3 nake tarawa. Da na duba takarda sai na ga maki 1, domin na'urarsu a matsayin shagon cefane aka yi mata rajista. Tun daga ranar, a shagon nan Active Cash nake miƙawa.

In ana maganar tafiya gida ko Umara, babu ja-in-ja, Autograph ne. Ba ya cire komai in ka yi sayayya a wajen Amurka, alhali Active Cash na ɗora kashi 3, wanda ya haɗiye gyaran kashi 2 har da ƙari. Tikitin jirgi da otal a Makka ko Madina suna shiga masu maki 3. Daga 2024 kuma ana iya tura makin Autograph zuwa shirin lada na wasu kamfanonin jirage, ciki har da British Airways da Air France-KLM, waɗanda ke zuwa Legas da Accra. Dukansu biyu kuma suna da inshorar waya har dala 600 in da katin kake biyan kuɗin layinka, kai ka ɗauki nauyin dala 25 na farko.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi damuwa, kuma ina roƙonka ka karanta da kyau. Kuɗin ruwan katunan bashi a ƙasar nan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara ga yawancin mutane. In ka bar dala 1,000 ta kwana a kan kati mai kashi 24, kusan dala 20 za a ɗora maka a wata guda. Duba lissafin da muka yi a sama: kusan gyaran wata sukutum ya tafi, an yi ba a yi ba, ga kuma nauyin riba a wuya. Na ga 'yan'uwa masu ƙoƙari, masu tashi tun asuba, da suka shekara biyu suna biyan mafi ƙarancin abin da aka nema, bashin yana nan inda yake. Doka ta tilasta wa banki ya ba ka aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar lissafi da ranar biya, kuma in ka biya duka kafin ranar, ko sisi ba za a ɗora a kan sayayyarka ba. Ni na saita asusuna yana biyan duka da kansa kowane wata. Malamai sun saɓa a kan riƙe irin wannan kati: wasu sun hana saboda sharaɗin riba da ke cikin yarjejeniyar tun farko, wasu sun yi sassauci ga mai buƙata da ya tabbata zai biya kan lokaci. Ka zauna da malamin da ka amince da shi kafin ka sa hannu.

Kada kuma ka kuskura ka ciri tsabar kuɗi da shi a na'urar ATM, ko ka tura wa su Inna kuɗin cefane gida da shi. Sau da yawa ana lissafa hakan a matsayin rancen tsabar kuɗi: akwai caji nan take, ruwa ya fara hawa tun daga ranar, maki kuma babu. Wannan aikin katin asusunka ne, wato wanda ke cirar kuɗin da ka ajiye a banki.

Tunda ka ce tuƙi ne sana'arka kuma kana shirin zuwa gida bayan Sallah, da ni ne kai Autograph zan fara karɓa. In ka yi wata shida kana biyan duka ba fashi, sai ka nemi Active Cash ka bar wa uwargida don cefane. Kada ka nemi biyun a mako ɗaya, domin kowace nema tana ɗan taɓa darajar kiredit ɗinka, wato ma'aunin da bankuna ke dubawa kafin su ba ka bashi. Ka kuma karanta sharuɗɗan da ke jikin takardar tayin da aka aiko maka, don bankuna kan sauya su. Allah ya sa albarka a nema.