Kujerar hannu ko ta lantarki: wace Camry ɗin za ka ɗauka?

Wa'alaikumus salam, Malam. Tsakanin Camry ɗin nan biyu da aka nuna maka, mai kujerar hannu da mai kujerar lantarki, in dai inji da giya da ƙafa lafiyarsu ɗaya, ɗauki mai ta hannu. Ko da kai da uwargida za ku riƙa karɓa-karɓar tuƙin kamar yadda ka ce, nan ma ita ce shawarata. Irinta nake hawa, kuma ita nake ba duk mai sayen motar da ta haura shekara 10, balle wadda ake kira Muscle, ƙirar 2007 zuwa 2011, da yanzu ta kwana biyu a duniya.

Kujerar hannu abu uku ne kacal a jikinta. Akwai ƙarfen da ke ƙarƙashin gabanta, wanda za ka ɗaga kujerar ta zame a kan dogayen ƙarafa biyu da take tafiya a kansu, ka saki haƙora su kama. Akwai liba a gefe ta kwantar da majingina. Sai ta uku, in motar tana da ita, wadda ake dannawa sama ko ƙasa sau da yawa don ɗaga mazauni ko sauke shi. Shi ke nan. Ba ruwanta da batir, ba ruwanta da fis, ko mota ta mutu a tsakiyar hanya kujerar na motsi. Mai tsawo ya sauka, gajere ya hau, cikin daƙiƙa biyu an matsar da ita, ita kuwa ta lantarki sai ka tsaya kana danne da maɓalli tana jan jiki.

Cutarta ɗaya ce, datti. Ƙurar hunturu, yashi, ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, silalla, duk cikin hanyar ƙarafan nan suke faɗawa. Maganin ba ya buƙatar bakanike: tura kujerar baya har ƙarshe, ka share gaban ƙarafan da tsohon burushi, ka dawo da ita gaba ka share bayan, sannan ka shafa farin giris kaɗan ka kai ta ka kawo ta sau biyar ko shida. Kada ka zuba baƙin mai, ƙura yake kamawa ya zama taɓo. In liba ta saki ba ta komawa, sifirin ne ya fita ko ya tsinke, kuma ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Abin da ya kamata ka kiyaye shi ne, duk lokacin da ka matsar da ita, ka girgiza jikinka gaba da baya har ka ji ta ce ƙas ta kama. Wani lokaci gefe ɗaya ne ke kamawa ɗayan bai shiga ba, kuma ranar da ka taka birki da ƙarfi kujerar za ta zame da kai. Don haka kada ka taɓa ta mota na tafiya.

Ta lantarki kuwa, ba zan hana ta haƙƙinta ba: tana tsayawa daidai inda kake so, tana ɗaga gaban mazauni dabam da bayansa, kuma tana da maɓallin turo ƙasan majingina ya tallafi ƙugu, abin da mai ciwon baya zai yaba a doguwar tafiya. In kana da ciwon baya na gaske, wannan kaɗai ne dalilin da zai sa in ce ka sake tunani.

Amma duba abin da ke ƙarƙashinta. Ƙananan injinan lantarki uku ko huɗu, kowanne da aikinsa, da maɓallai a gefe, da tarin wayoyi, da fis wanda a Toyota galibi mai lamba 30 ne. Duk a wurin da ruwan masu wankin mota ke kwanciya suke. In ta ƙi motsi gaba ɗaya, a fara duba fis da soket ɗin ƙarƙashin kujera. In tana zuwa gaba ba ta komawa baya, yawanci maɓallin ne ya ci datti. In kana jin inji na ƙugi amma ba ta tafiya, ko wani abu ya maƙale a hanya ko haƙoran giyar cikinta sun cinye, kuma ci gaba da dannawa ƙona injin yake. In gefe ɗaya na tafiya ɗayan na tsaye har kujerar ta karkace, sandar da ke juya ɓangarorin biyu ce ta zame. Babban tashin hankalin shi ne inda take mutuwa. Notuna huɗu ne ke riƙe kujera da ƙasan mota, a Toyota galibi sifana 14 ke kwance su, kuma sai an tura kujerar gaba ake kaiwa ga na baya, a tura ta baya a kai ga na gaba. In ta mutu a kan notunan, sai mai wayarin ya nemo wayar injin ya ba shi wuta kai tsaye kafin ma a iya ciro ta. Kafin nan kuma, in ta tsaya a mazaunin maigida, uwargida ba za ta kai ga birki yadda ya kamata ba.

Mutane kan ce ai ta lantarki tana tuna mazaunin kowa. Wannan sai mai maɓallan 1 da 2 da SET, irin na Lexus ko Avalon, kuma mafi yawan Camry da ke shigo mana ba su da su. Leƙa jikin ƙofar direba ka gani. In akwai, ga yadda ake yi: kunna mota, giya a P, daidaita kujera da madubai, danna SET, cikin daƙiƙa 3 ka danna 1 har ka ji ƙara. A wasu motocin cire kan batir na goge shi, sai an sake. Kuma ka lura, ta lantarki sau da yawa da fata take zuwa, fata kuwa a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato kowa ya san yadda take a jiki in mota ta yini a rana.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, domin ƙarƙashin kujera ne inda asirin mota ke tonuwa. Motoci da yawa da ake sayowa a gwanjon Amurka ambaliya ta taɓa cinye su. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Marar tsoron Allah a cikin dillalai zai wanke, ya busar, ya fesa turare. Kai dai tafi da tocila. Haska ƙarafan da kujera ke tafiya a kai, da notunan, da sifirin ɗin ƙarƙashin mazauni. Tsatsa mai yawa a nan galibi alamar ruwa ce. Ɗaga bakin kafet ka shafa, ka ga ko akwai busasshen laka. Jawo bel har ƙarshensa ka duba ko akwai shatar ruwa ko funfuna. Motar da ruwa ya ci, kujerar lantarkinta na iya aiki ranar ciniki ta mutu bayan wata biyu, saboda tsatsa a hankali take cin soket.

Akwai kuma masu ɗora wa ƙaramar mota kujerun babba don a ƙara kuɗi. Za ka gane su da notunan da sifana ta ci kansu, ko launin kujerun gaba da ya saɓa da na baya, ko waya da aka jawo aka naɗe da salatif. Wayar da aka jona ba fis hanyar gobara ce. Sannan ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido, wato jakar da ke kumbura ta tare mutum in an yi karo: ya kamata ta kama, ta yi kamar daƙiƙa 6, ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ko an rufe shi. In ta kama ta zauna, akwai matsala. Duka biyun kada ka yarda da "ai ƙaramin abu ne". Ka ɗauki lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17 a bincika maka tarihinta kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Kowacce ka saya, yadda ka zauna a kanta ya fi irinta muhimmanci, kuma a nan direbobinmu da yawa ke kuskure. Fara da manna ƙugunka a ƙarshen kujera. Taka birki har ƙasa, ko kuloci in mai giyar hannu ce: gwiwarka ta kasance da ɗan lanƙwasa. In ƙafa ta miƙe sarai, ka yi nisa, kuma a karo ƙarfin bugun kai tsaye zai bi ƙashi har ƙugu. Ɗaga mazauni har ka ga hanya sosai ta saman sitiyari, amma ka bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kanka da rufi, ka lissafa da hula. Majingina ta ɗan kwanta kaɗan daga tsaye, ba irin kwanciyar da samari ke yi ba. Mai kwance, in aka yi karo, zamewa yake ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya kama ciki maimakon ƙashi. Miƙa hannu kafaɗarka na jingine: wuyan hannunka ya sauka a saman sitiyari. In bai kai ba, saki libar da ke ƙarƙashin sitiyarin ka jawo shi ko ka sauke shi, ka mayar ka kulle. Tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari kada ya gaza santimita 25, don jakar iska da ƙarfi take fitowa. Wannan ya fi shafar uwargida in gajera ce: ta ɗaga mazauni ta tura sitiyarin ciki, maimakon ta manne da shi.

Matashin kai ba ado ba ne, kuma ba a cire shi. Samansa ya yi daidai da saman kanka, ya matso kusa da ƙeya, tazarar ba ta wuce yatsu biyu ko uku ba. Shi ke tare wuya in an buge ka ta baya. Bel na ƙasa ya bi ta ƙashin ƙugu, mai juna biyu ta sa shi ƙarƙashin ciki. Na sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa, in yana cin wuya akwai maɓalli a ginshiƙin ƙofa da ake sauke shi. Madubai su ne na ƙarshe, bayan ka gama da kujera. Yara kuma baya, kuma kujerar jariri mai kallon baya ba a ɗora ta a gaba inda jakar iska take.

Tunda ku biyu ne, ku samu fenti ko alƙalamin maka ku yi ɗan alama a gefen ƙarfen, ɗaya taka ɗaya tata, kowa ya ja kujera zuwa tasa. In za ka kai a ɗinka mata riga, duba gefen majingina: in an rubuta SRS, akwai jakar iska a ciki, ka ce wa mai ɗinkin ya bar wannan gefen a buɗe. Soket mai launin rawaya da ke ƙarƙashin kujera na jakar iskar ne, har a ta hannun ma akwai shi. Kada kowa ya zare shi sai an cire kan batir na baƙar waya an jira aƙalla daƙiƙa 90.