Gargaɗi ga masu kiwon kajin ƙwai: a yi hattara da mai "maganin shanyewar ƙafa"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Abin da ya same ni bana ba na fatan ya sami kowa, shi ya sa nake wannan rubutu.

Akwai wani da ke tallan kaji 'yan mako 16 a zaurukan WhatsApp, kan farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Yana haɗa wa mutum da katin rigakafi mai hatimi, wai an yi musu komai. Na saya. Ba su cika wata guda a gidana ba sai na fara ganin kaza a zube, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ta kasa kaiwa ga abinci. Wasu fiffike ya saki. Da muka fige ɗaya, sai ga ƙananan ƙari a fata, daidai gindin gashi.

Na kira shi, ya ce sanyi ne ya kama musu ƙashin baya, yana da maganinsa. Ya aiko da ruwa a jarka, ba sunan kamfani, ba lambar NAFDAC. Na sake biya, don hankalina a tashe yake.

Sai da likitan dabbobi ya buɗe gawa biyu, ya nuna mini jijiyar cinya ta kumbura da ƙari a hanta, sannan ya ce cutar Marek ce. Ƙwayar birus ke kawo ta, tana yawo cikin ƙurar jikin kaji, kuma ba ta da magani. Rigakafinta tun ranar ƙyanƙyasa ake yinsa, a can inda aka ƙyanƙyashe 'yan tsakin. Idan kaza ta riga ta kamu, allurar ba ta dawo da ita. Ke nan duk wanda ya ce maka yana warkar da ita, kuɗinka yake nema.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba kowace shanyewa ce Marek ba. Ƙarancin sinadarin kalsiyam ma yana durƙusar da kaza mai ƙwai, kuma wannan ana gyara shi ta abinci. Da irin wannan ruɗanin mutumin yake cin kasuwarsa.

Don Allah kafin ku biya, ku nemi sunan kamfanin ƙyanƙyasar, ku kira su da kanku ku tabbatar. Kazar da ta mutu a kai wa likita tun ba ta lalace ba, idan ta kama a tura samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Lambar wayar da na san mai tallan da ita yanzu a kashe take, amma jiya na ga tallan nan da hotunan nan a wani zauren, da sabuwar lamba.